Jiran Gyaran Kyamara: Asarar Da Garanti Ba Ya Biya

Tsakanin shekarar 2005 da 2014, manyan kamfanoni uku masu ƙera kyamarar zamani, wato Sony da Nikon na ƙasar Japan da kuma Leica na ƙasar Jamus, kowannensu ya fito fili ya amsa cewa wasu kayan da ya sayar wa jama'a suna da aibi wanda ya shafi sashen da ya fi kowanne muhimmanci a jikin kyamara. Dukkansu sun yi alkawarin gyara kyauta. Sai dai babu ko ɗaya daga cikin alkawuran da ya haɗa da biyan mai kaya diyyar makonni ko watannin da ya yi yana jira, alhali kuwa ga wanda ɗaukar hoto ne abincinsa, wannan jira shi ne babbar asara.

Sashen da ake magana a kansa shi ne wanda masu sana'ar ke kira sensa. Wani ɗan faranti ne na silikon da ke zaune a bayan gilashin kyamara, daidai inda fim yake zama a kyamarorin da. Shi ne ke karɓar haske ya mai da shi hoto. Yana cikin sassa mafi tsada, kuma idan ya lalace ba a yi masa kwaskwarima, sai dai a cire shi a sa sabo.

Aibin da ya yaɗu daga masana'anta ɗaya

A watan Oktoba na 2005 ne kamfanin Sony ya ba da sanarwar cewa wasu sensa samfurin CCD da ya ƙera tsakanin watan Oktoba na 2002 da watan Maris na 2004 suna iya daina aiki. 'Yan siraran wayoyin da ke haɗa farantin da sauran jikin kyamara ne ke saki, musamman a wuraren da ake da zafi da laima. Da zarar sun saki, sai allon kyamara ya yi baƙi ƙirin, ko kuma hoto ya fito a jirkice da zane-zane masu launin shunayya.

Abin da ya girmama lamarin shi ne, Sony ba don kansa kaɗai yake ƙera sensa ba. Kamfanonin Canon da Nikon da Fujifilm da Olympus da Konica Minolta duk sun sayi irin wannan faranti sun sa a kayansu, saboda haka su ma dole suka bi sahu da tasu sanarwar ta gyara kyauta. Wanda ya zaɓi wani suna dabam don gudun Sony bai tsira ba, domin sunan da ke goshin kyamara dabam, wanda ya ƙera abin da ke cikinta dabam.

Na biyu shi ne na Nikon D600, wadda ta shiga kasuwa a watan Satumba na 2012. Ba a jima ba masu ita suka fara kokawa cewa ɗigo-ɗigon ƙura da maiƙo na taruwa a kan sensa, ana gogewa suna dawowa. An danganta wannan da labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa duk lokacin da aka ɗauki hoto. Da fari kamfanin ya tsaya ne ga shawarar a riƙa sharewa. A watan Oktoba na 2013 ya fito da D610 mai sabon labule, amma sai a watan Fabrairu na 2014 ya amince zai canza wa masu D600 labulen kyauta ko da garantinsu ya ƙare. Ran 15 ga watan Maris na shekarar, gidan talabijin na gwamnatin ƙasar Sin ya fallasa batun a shirinsa na ranar kare haƙƙin masu saye, hukumomin ƙasar kuma suka umurci a dakatar da sayar da ita. Daga nan ne Nikon ya yi alkawarin musanya kyamarar da sabuwa ga duk wanda gyara bai magance masa matsalar ba, ya kuma ware yen biliyan 1.8 don wannan hidima.

Na uku, wanda ya fi jan lokaci, shi ne na Leica M9, kyamarar da aka fara sayarwa a 2009 a kan kusan dalar Amurka 7,000. Gilashin da aka lulluɓe fuskar sensanta da shi yakan zaizaye idan laima ta same shi, har tabo ya riƙa fitowa a kowane hoto. Kamfanin ya amsa aibin a ƙarshen 2014, kuma tun da babu wani sensa sai irin na farko, sai da aka kai 2015 kafin a samar da wanda aka sauya wa gilashi. Masu kyamarori da yawa sun yi watanni kayansu na ajiye a wurin gyara. Daga tsakiyar watan Agusta na 2017 aka taƙaita gyaran kyauta ga kyamarorin da ba su wuce shekara 5 da saye ba, sauran kuwa aka sa musu kuɗi yuro 982. A watan Agusta na 2020 kamfanin ya sanar da cewa ya daina canza sensan baki ɗaya, saboda an daina ƙera shi.

Dalilan da ke sa jira ya yi tsawo

Dalili na farko shi ne ƙarancin masana'antun sensa a duniya. Kafa irin wannan masana'anta na cin jari mai ɗimbin yawa, shi ya sa suke hannun kamfanoni 'yan ƙalilan, Sony kaɗai kuwa na riƙe da kusan rabin cinikin duniya. Idan masana'anta ɗaya ta tsaya, sai kasuwa duka ta ji a jikinta. An ga haka a watan Afrilu na 2016, lokacin da girgizar ƙasa ta dakatar da masana'antar Sony da ke lardin Kumamoto, aka yi watanni ana fama da ƙarancin kyamarori. Kafin nan, ambaliyar da aka yi a ƙasar Tailan a 2011 ta shanye masana'antar Nikon da ke Ayutthaya.

Dalili na biyu shi ne yanayin aikin kansa. Canza sensa na bukatar a warware kyamara kusan gaba ɗaya a ɗakin da ba ƙura, a daidaita sabon farantin yadda ba zai karkata ko da kaurin gashi ba, sannan a saita shi da na'urori da manhajar da kamfani ne kawai ke da su. Duk ƙwarewar mai gyara, idan ba shi da waɗannan kayan aiki, hannunsa a ɗaure yake.

Dalili na uku shi ne manufar kamfanoni game da kayan gyara. A Amurka, alal misali, Nikon ya daina sayar wa masu gyara masu zaman kansu kayan gyara a 2012, sannan a ƙarshen watan Maris na 2020 ya soke yarjejeniyarsa da shagunan da ya ba izinin gyara, aikin garanti ya koma cibiyoyinsa biyu. Duk lokacin da aka rage ƙofofi, layi sai ya ƙara tsawo, balle a ce sanarwar aibi ta sa dubban mutane sun aika da kayansu a lokaci guda.

Yadda abin ya shafi 'yan kasuwarmu

Ba a ƙera kyamara a Nijeriya, shigo da ita ake yi, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke hannun masu hoton biki da masu shirya fina-finai 'yan gwanjo ne da suka fito daga Turai da Amurka, suka biyo ta kasuwanni irin su Alaba da Computer Village a Legas. A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su. Na ɗaya, laimar da ta tono aibin Sony da na Leica ita ce yanayin yau da kullum a Legas da Fatakwal da Kalaba, arewa kuma ga ƙurar hunturu da ke shiga jikin kyamara duk lokacin da aka canza gilashi. Na biyu, garantin jikin kyamara galibi yana aiki ne a yankin da aka sayar da ita tun farko, kuma ga wanda ya fara saye. Wanda ya sayi 'yar gwanjo ko wadda ba ta biyo ta hannun wakilin kamfani ba, sau da yawa nauyin gyara da na aikawa waje da na dawowa duk a kansa yake.

Lissafin asarar ba shi da wuya. Mai hoton da ke ɗaukar biki biyu a mako, idan kyamararsa ɗaya tilo ta yi mako 12 a wurin gyara, ya rasa aiki 24 ke nan, ko kuma ya yi hayar wata sau 24. Ban da wannan akwai abokan cinikin da za su koma wani wuri, domin amarya ba ta ɗaga ranar aurenta saboda kyamarar mai hoto na Jamus. Shi ma dillalin da ya sayar da kayan bai kuɓuta ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su da inganci cikin wata 3 da karɓarsu, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Wurin wanda ya sayar masa zai koma, ba Tokyo ba.

Matakan da ke rage asara

Gwajin sensa kafin a biya kuɗi ba ya cin minti goma. A matse ƙofar hasken gilashi zuwa lamba 16 ko 22, a ɗauki hoton farin bango ko sararin sama, sannan a buɗe hoton a kwamfuta a faɗaɗa shi. Ƙura da maiƙo da zaizayar gilashi duk za su bayyana. Bayan haka a rufe gilashin da murfinsa a ɗauki hoton duhu na 'yan daƙiƙoƙi. Ɗigon ja ko shuɗi ko fari da ke fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto alama ce ta matattun ƙwayoyi. Ƙura ana share ta, 'yan matattun ƙwayoyi ma kyamarori da yawa na iya ɓoye su da kansu, amma tabon da ya ƙi goguwa ko layin da ya ratsa hoto daga sama zuwa ƙasa dalili ne na fasa ciniki.

Ya kamata kuma mai saro kaya ya duba lambar jikin kowace kyamara a jerin sanarwar aibi da kamfanoni ke bugawa, ya kuma tabbatar ko wa'adin gyaran kyauta bai wuce ba. Labarin Leica ya nuna cewa irin wannan alkawari yana da ranar ƙarewa, wanda ya yi jinkiri daga kyauta ya koma biya, daga biya ya koma babu. Rasit da takardar garanti su ne hujja, don haka a adana su kamar takardun fili. Idan za a ba da kyamara gyara, a nemi a rubuta lambarta da aibin da aka gani da ranar da za a karɓa, a kuma tambaya tun farko ko sensan na nan a hannu ko sai an yi odarsa.

A wuraren laima, ajiye kyamara a akwati mai rufuwa ruf tare da 'yan ƙunshin da ke tsotse danshi na kare ta daga fumfuna da zaizaya. A lokacin hunturu kuwa, a guji canza gilashi a fili, kuma a kifa bakin kyamara ƙasa yayin canzawa.

Daga ƙarshe, duk wanda ya mai da hoto sana'a ya kamata ya sa kuɗin kyamara ta biyu cikin jarinsa tun ranar farko, ko da ƙarama ce, ko kuma 'yan sana'a su haɗa kai su tanadi wadda za a riƙa ba wanda tasa ta tafi gyara. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kafin a tambayi mai shago nawa ne, a fara tambayarsa: idan sensa ya mutu, wa zai gyara, a ina, kuma cikin kwana nawa?