Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Zaman Manoman Ƙasar Ailan

Duk wanda ya taɓa sayen dankalin Turawa na Jos ya ɗanɗana abincin mutanen Ailan, wani tsibiri da ke yamma da Ingila. A zamanin da, talakawan ƙasar sun dogara ga dankalin nan kaɗai. Da ciwo ya faɗa masa cikin 1845, sai yunwa ta kama ƙasar har wajen 1852. Mutum kamar miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, galibi zuwa Amurka.

Waɗanda suka rage a ƙauyuka kuwa, kusan kome da hannunsu suke yi. Itacen wuta ya yi ƙaranci, saboda haka da bazara maigida yakan tafi fadama ya yanko wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi, kamar tubali, ya shanya. In ta bushe, ita ce makamashin gida har shekara ta kewayo. Shi ke baibaye ɗakinsa da karan hatsi, ya tufka igiyar ciyawa ya ɗaure jinka, ya saƙa mazaunin kujera da ita. In aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai a yi gayya, wadda su suke kira meitheal.

Amma ginshiƙin gida uwargida ce. Ita ke tatsar saniya, ta kaɗa nono ta fid da mai, ta gasa burodi da tsala. Takan kaɗa gashin tumaki ta saƙa safa da rigunan sanyi. Ko buhun gari ba ta yar da shi, sai ta wanke ta ɗinka zanen gado. Kajin gida nata ne. Takan kai ƙwai kanti ta karɓo shayi da sukari, har ta yi wa yara sutura. Watau ko gona ta ƙi, gida ba ya rasa ɗan kuɗin cefane.

Abin mamaki yana tsibiran Aran, inda ƙasa duk fā ne. Can manoma suka riƙa ɗauko yashi da ciyawar teku a kwanduna, suna shimfiɗawa bisa dutse hawa hawa, har suka yi wa kansu gonaki. Takalmansu ma na ɗanyar fatar sa ne.

Tun daga 1946 aka fara kai lantarki ƙauyukan Ailan, kayan kanti suka yawaita, yawancin sana'o'in nan suka ja baya. Duk da haka ƙungiyar matan karkara ta ƙasar, wadda aka kafa cikin 1910, tana nan tana koyar da saƙa da ɗinki.

Manomin da ya zuba dukan gonarsa a shuka ɗaya don kuɗi, ya raina kaji da awakin matarsa, ya kamata ya tuna da 1845.