Awon «fidda-zafi» na ƙasa da shuke-shuke: bayani da matsalar kalma

A wannan ɗan rubutu muna son mu yi bayanin abin da masana kimiyya ke kira «émissivité» da Faransanci. Mun zaɓi mu fassara shi da «fidda-zafi», bisa tsarin harɗaɗɗun kalmomi irin su «fasa-ƙwauri». Kalmar «zafi» ita kaɗai ba ta wadatar ba, domin tana haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba: zafin da ke jikin abu, da kuma hasken da abin ke fitarwa saboda wannan zafi.

Kowane abu yana fitar da wani haske da ido ba ya gani. Na'urar rediyomita, a hannu take ko a tauraron ɗan'adam, wannan haske take aunawa, galibi tsakanin mikiromita 8 da 14. Amma abubuwa biyu masu zafi ɗaya ba lalle su fitar da haske daidai ba. Fidda-zafi shi ne gwargwadon abin da jiki ke fitarwa in an kwatanta shi da «baƙin jiki», wato jikin da ke fitar da iyakar abin da zai yiwu. Lambar tana tsakanin 0 da 1. Ɗanyen ganye yana kusan 0,98. Yashin jigawa kuwa, saboda ma'adinin kwartiz da ke cikinsa, yana faɗuwa sosai tsakanin mikiromita 8 da 9,5. Kuskuren 0,01 kawai yana kawo kuskuren kusan rabin digiri a lissafin zafin ƙasa, daga nan kuma ya shiga ƙiyasin ruwan da gona ke asara. Shi ya sa batun ya shafi aikin HAPEX-Sahel da aka gudanar kusa da Yamai a 1992.

Hanyar da aka fi sani a fili ita ce ta akwati. Ana kifa akwati marar gindi, mai bango na gorar-ruwa mai ƙyalli, a bisa ƙasar. Da farko a rufe shi da murfi mai ƙyalli: hasken yana ta kai da komowa a ciki har ƙasar ta zama kamar baƙin jiki. Sa'an nan a sa baƙin murfi da aka ɗumama, a sake aunawa, a kuma auna murfin kansa. Daga waɗannan awo uku ake fitar da lambar.

A ganinmu wahalar tana ga gonar hatsi. Karan hatsi ya fi akwati tsawo, kuma tsakanin shuka da shuka akwai fili mai yashi. Abin da na'ura ke gani gauraye ne na ganye da ƙasa, wanda ke canzawa daga shuka zuwa girbi, ya kuma canza in an yi ruwa, tun da jiƙaƙƙar ƙasa ta fi busasshiya fidda-zafi. A nan rabe-raben manoman Maradi, wato jigawa, geza da fadama, suna da amfani ga mai awo wajen zaɓen wuraren da zai kifa akwatinsa.