Me Ya Sa Sitiyarin Mota Ke Rawa?

A hutun da ya wuce na ƙarshen zango, kawuna ne ya zo ɗaukata daga makaranta. Direban haya ne, yana jigila tsakanin Kano da Kaduna da wata tsohuwar Golf wadda da ita yake ci da iyalinsa. Da yake ni ɗan gida ne, sai aka ba ni gidan gaba. Muna cikin gari lafiya lau motar take tafiya, amma da muka hau babban titi allura ta kai wajen 90, sai na ga hannuwan Kawu suna karkarwa a kan sitiyari kamar mai jin sanyin hunturu. Madubi yana rawa, kwalbar ruwan da ke ƙafata tana rawa, har haƙorana sai da suka ji.

Na ce, "Kawu, lafiya kuwa motar nan taku?"

Ya ce, "Halinta ne, ɗana. In na ƙara wuta za ta daina."

Ya kuwa taka ta, ta wuce 110, rawar ta ragu. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Kashegari ya ce in raka shi wurin masu gyaran taya, domin tayar gaba ta hannun dama ta fara cinyewa, alhali ba ta fi wata huɗu da saye ba. Abin da na gani a can, da abin da na tambayo wurin malaminmu na kimiyya da muka dawo hutu, shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, musamman masu mota.

Da ido, taya da'ira ce sumul, ko'ina daidai. Amma ba haka take ba. Ko sabuwa ce fil daga kamfani, wani gefen yakan ɗara wani nauyi kaɗan. Ƙarfen da ake ɗaura ta a kai, wato rim, shi ma haka, ga kuma bawul ɗin da ake ba ta iska ta nan. Balle a ce ta sha faci biyu ko uku, ko rim ɗin ya faɗa rami ya lotsa, ko laka ta bushe a cikinsa da damina. Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san zancen: in gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, kaya ba za su zauna ba sai an nemo ɗan dutse an ƙara wa mara nauyin. To, wannan shi ne aikin da makanikai ke kira balansin, wato daidaita nauyin taya.

Na yi mamaki da mai gyaran ya ce bambancin da ke tayar Kawu gram 30 ne kacal. Wannan fa bai wuce rabin nauyin ƙwan kaza ba. Yaya za a yi rabin ƙwai ya girgiza motar da ta fi kilo dubu? Amsar tana cikin lissafi, kuma ba mai wuya ba ne. Kewayen tayar ƙaramar mota kusan mita 2 ne. In ana gudun kilomita 100 a awa, ke nan tayar za ta juya wajen sau 50,000 a awa ɗaya, wato kimanin sau 14 a kowace daƙiƙa. Ku tuna da majajjawa: ɗan dutsen da ke cikinta ba shi da wani nauyi, amma da ka fara wulwula ta sai ka ji yana fizgar hannunka. Malam ya lissafa mana a allo cewa a wannan gudun, duk abin da ke bakin taya yana fizga da ƙarfin da ya ninka nauyinsa kusan sau 250. Ashe rabin ƙwan nan ya zama kilo 7 da rabi! Kuma in gudu ya ninka biyu, fizgar sau huɗu take ninkawa. Shi ya sa a cikin gari, ana tafiyar 50, ba ta kai kilo 2 ba, ba a jin kome.

Ku dubi abin da ke faruwa. In gefen mai nauyi ya yi sama, sai ya nemi ɗaga tayar. In ya yi ƙasa, sai ya doka ta da kwalta. Kamar a ce wani na tsaye da guduma yana bugun wuri ɗaya a jikin tayar sau 14 a daƙiƙa. Daga Kano zuwa Kaduna ya fi kilomita 200, ke nan bugu fiye da 100,000 a zuwa kaɗai, ban da dawowa. Da na shafa tayar Kawu da tafin hannu sai na ji ta tudu da kwari, wani wuri ya suɗe, kusa da shi kuma zanen yana nan da sauransa. Tayar da ta ci haka ba ta gyaruwa, ko da rabin jikinta sabo ne. Kuma bugun ba a taya yake tsayawa ba. Yana bi ta boris, ya gajiyar da shokazoba, ya sassauta mahaɗan ƙarafan da ke juya ƙafafun gaba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, tayar da ke tsalle-tsalle ba ta kama titi sosai, ga shi kuwa da ita ake dogara in an taka birki ko an sha kwana, musamman in an yi ruwa.

Game da maganar Kawu cewa in ya ƙara wuta rawar takan daina, Malam ya ce da gaskiyarsa, amma rabi. Kowace mota tana da wani gudu da bugun tayar ke zuwa daidai da lilon sifirin ɗinta, kamar yadda lilo ke yin sama in ana tura shi a kan kari. A yawancin ƙananan motoci wannan yakan faɗo tsakanin 80 da 110. In an wuce nan direba ya daina ji a hannunsa, amma gudumar tana nan, ta ma ƙara ƙarfi. A ganina wannan dabara ta ƙara wuta ita ce mafi haɗari cikin duk al'amarin.

Gyaran kuwa bai ɗauki rabin awa ba. Aka kwance tayar, aka kankare lakar da ke ciki, aka ciccire tsakuwar da ta maƙale a zanen, aka ɗora ta a kan wani inji ya wulwula ta. Da ta tsaya sai lambobi biyu suka fito, ɗaya na gefen ciki, ɗaya na gefen waje. Na tambayi dalilin biyun, mai gyaran ya ce, "Ɗan makaranta, ai taya tana da faɗi. In nauyin ya karkata ciki ko waje, ba tsalle kaɗai za ta yi ba, har kaɗa kai za ta riƙa yi hagu da dama." Ya ɗauko 'yan ƙananan ƙarafa masu lamba a jiki, ya maƙala su a bakin rim daidai inda injin ya nuna, ya sake juyawa, sai ga sifiri da sifiri. Da dalma aka saba yin waɗannan ƙarafa, amma da yake guba ce, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da ita a wannan aiki tun 2005, yanzu akan yi su da tutiya ko baƙin ƙarfe.

Ya kuma nuna mini wani ɗigon rawaya a gefen wata sabuwar taya. Ya ce nan ne wurin da ya fi rashin nauyi, don haka akan sa shi daidai da bawul. Na sha ganin ɗigon nan, na zaci ado ne.

Kada a haɗa balansin da alaimen, ko da yake sau da yawa wuri ɗaya ake yinsu. Alaimen saita fuskar tayoyi ne don su dubi gaba sosai. In mota tana janyewa gefe, ko taya tana cinyewa ta baki ɗaya, to shi ake nema. In kuwa rawa ce mai zuwa da gudu, a fara duba nauyi. Ta sitiyari daga tayoyin gaba take, wadda ake ji a kujera da ƙasan mota kuwa yawanci daga na baya. Ya kamata a yi balansin duk lokacin da aka sa sabuwar taya, ko aka cire ta daga rim don faci, ko aka faɗa mugun rami, ko aka ga ɗan ƙarfen ya faɗi.

Tayar Kawu ta dama dai ba ta tsira ba, sai da ya sayi wata, kuɗin da ya ce ya yi niyyar sayen buhun masara da su. Ta hagu ce aka ceto. Ranar komawa makaranta shi ya kawo ni, na sa ido a kan hannuwansa tun daga fitarmu gari. Allura ta kai 90, ta kai 100, ba su motsa ba. Fasinjan da ke bayana har barci ya yi.