Kifin da aka cire wa kai, ta ina za a gane shi?

Makiyayi ba ya neman takarda kafin ya bambanta Bunaji da Rahaji ko Bokoloji, ƙaho da tozo da launi sun ishe shi. To idan an yanka an feɗe fa? Matsalar kifin teku ke nan. Kafin kwali ya taso daga Kwatano ko Legas ya iso kasuwar kan iyaka, sau da yawa an cire kai, an daskarar da shi ko an yi banda. Sai dai ɗan kasuwa ya yarda da rubutun jikin kwali.

Ko da ransa ma kifi yana rikita masana. Nau'in da aka sani a duniya ya haura 30,000, wasu kuwa kamar an tsaga kara. A tekun Senegal da Gana akwai sadin iri biyu masu kama da juna, alhali kowanne da yanayin hayayyafarsa.

A shekarar 2003 wani masani a Jami'ar Guelph ta Kanada, Paul Hebert, ya kawo dabara. Kowace halitta tana ɗauke da ƙwayoyin gado da ta samo daga iyaye. Ya ce a riƙa karanta wani ɗan yanki guda, mai harufa kusan 650, wanda yake kusan iri ɗaya tsakanin 'yan nau'i guda, amma ya sha bamban da na wani nau'in. Tsoka kamar ƙwayar gero ta isa. A ɗakin gwaji za a karanta, sannan kwamfuta ta gwada da rumbun da aka tara na kifayen da aka riga aka tantance. An fara haɗa rumbun kifayen duniya a 2005.

Ina amfanin? A 2007 mutum biyu sun kwanta a Cikago ta Amurka bayan sun ci kifin da aka sayar da sunan wani. Gwaji ya nuna talibamban teku ne mai dafi. A 2013 ƙungiyar Oceana ta fitar da sakamakon gwajin kifi sama da 1,200 a Amurka, ta tarar kashi ɗaya cikin uku an canza masa suna, yawanci mai araha da sunan mai tsada. Haka kuma hukuma ba za ta iya hana a ƙarar da wani nau'i ba, sai ta san wanda ake kamawa.

Amma fa a lura, gwajin suna kawai yake faɗa. Ba ya nuna ko kifi ya lalace a hanya, wannan aikin ido da hanci ne. Kuma ba kowa ke da ɗakin gwaji kusa ba. Don haka, Alhaji, idan ka je sari, fifita kifi mai kai da ƙaya, duba ƙasar da aka kamo shi, ka riƙe rasit. Idan farashi ya faɗi fiye da kima, tambayi dalili.