Masar: Binciken Farfesa Yacoub A Kan Cutar Da Ke Ƙarar Wa Zuciya Mai

A unguwar Zamalek da ke kan tsibiri a tsakiyar Kogin Nilu a birnin Alƙahira, akwai ofishin gidauniyar Magdi Yacoub, wadda aka kafa a shekarar 2008. Daga nan ne ake tattara gudummawar jama'a da ke riƙe da asibitin zuciya na Aswan a kudancin Masar, inda ake yi wa marasa lafiya aiki kyauta tun daga shekarar 2009. Sai dai aikin bai tsaya ga tiyata ba. Masanan cibiyar sun daɗe suna neman sanin dalilin da ya sa zuciyar wasu matasa masu ji da lafiya take cin ƙarfinta da kanta, har ta tsaya ba zato ba tsammani.

Shi dai Farfesa Magdi Yacoub an haife shi ne a garin Bilbeis a shekarar 1935, ya kuma kammala karatun likitanci a Jami'ar Alƙahira a 1957. Daga baya ya koma Birtaniya, inda ya fara shirin dashen zuciya a asibitin Harefield a 1980, wanda ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. Ya sha bayyana cewa rasuwar wata 'yar'uwar mahaifinsa da ciwon zuciya, tun yana ƙaramin yaro, ita ce ta sa ya zaɓi wannan fanni.

Kafin a fahimci binciken, sai an san yadda zuciya ke samun ƙarfi. Zuciyar baligi tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana, ba hutu. Kowane bugu kuwa sai an biya shi da wani sinadari da masana ke kira ATP, wanda zuciya ke amfani da kusan kilo 6 nasa a yini. Ba ta da rumbun ajiya, domin abin da ke cikinta bai fi na 'yan daƙiƙoƙi ba. Don haka dole ta riƙa sarrafa sabo a kowane lokaci a cikin wasu ƙananan murahu da ake kira maitokondiriya, waɗanda suka cinye kusan sulusin kowace ƙwayar tsokar zuciya. Mafi yawan makamashin da take ƙonawa kitse ne, sauran kuma sukari da dangoginsa.

Ƙwayoyin gado ne ke tsara wannan aiki baki ɗaya. A shekarar 1996 Dokta Daniel Kelly da abokan aikinsa a birnin St. Louis na Amurka suka nuna cewa idan zuciya ta fara gazawa, ƙwayoyin gadon da ke kula da ƙona kitse sukan yi sanyi. A 2000 kuma suka gano cewa wani furotin mai suna PGC-1 shi ne ke ba da umarnin ƙera sababbin murahun. Wannan ɓangaren samar da ƙarfi ke nan.

Akwai kuma ɓangaren kashe shi, kuma a nan ne aikin Aswan ya fi karkata. Cutar da suka sa a gaba ita ce ta kaurin tsokar zuciya, wadda ake gado, wadda kuma aka yi ƙiyasin tana tare da mutum 1 cikin 500. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa za su tuna ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé, wanda ya yanke jiki ya faɗi a fili a birnin Lyon na Faransa a watan Yunin 2003, yana da shekara 28. Binciken gawarsa ya nuna wannan cuta ce.

Tun a 1990 masana a Amurka suka gano ƙwayar gado ta farko da ke haddasa ta, wato wadda ke ƙera furotin ɗin mayosin. Shi mayosin tamkar hannuwa ne da ke jan tsoka ta tsuke. A zuciya mai lafiya, wasu hannuwan kan kwanta su huta yayin da wasu ke aiki. A mai cutar kuwa, da yawansu ba sa kwanciya, suna ta ƙona ATP a banza, kamar motar da aka bari a kunne tun dare har wayewar gari. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Oxford a 2003 ya nuna cewa ajiyar ƙarfin zuciyar masu ɗauke da cutar ta ragu da kimanin kashi 30 cikin 100, har ma ga waɗanda tsokarsu ba ta riga ta yi kauri ba. A kan wannan fahimta aka samar da maganin mavacamten, mai kwantar da wasu daga cikin hannuwan, wanda hukumomin Amurka suka amince da shi a 2022.

To amma kusan dukan wannan ilimi an samo shi ne daga jinin Turawa. Wannan giɓi ne ya sa Farfesa Yacoub da Dokta Yasmine Aguib da Dokta Mona Allouba suka shiga tattara bayanan ƙwayoyin gadon Misirawa, masu cutar da marasa ita. A sakamakon da suka buga a 2023 a mujallar ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai, sun kwatanta majinyata 514 da masu lafiya 400 a Masar da wasu majinyata 684 waɗanda galibinsu Turawa ne.

Abu biyu ne suka fito fili. Na farko, kashi 4.1 cikin 100 na majinyatan Masar sun gaji ƙwayar mai lahani daga uwa da uba duka biyu, alhali a ɗaya rukunin kashi 0.1 ne kacal. Masanan sun danganta haka da yawan auren zumunci. Na biyu, da aka auna sauye-sauyen gadon da aka gani a Misirawa da ma'aunin da duniya ke amfani da shi, kashi 41 cikin 100 ne kawai aka iya cewa suna haddasa cuta, a Turawa kuwa kusan kashi 62. Da aka sa bayanan Misirawa masu lafiya a cikin lissafi, sai adadin ya tashi zuwa kashi 53. Ma'ana dai, iyalai da dama da a da za a sallame su ba tare da amsa ba, yanzu ana iya gaya musu wanda ke cikin haɗari.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, inda auren zumunci tsohuwar al'ada ce mai ƙarfafa dangantaka. Jama'a sun riga sun saba da gwajin jini na sikila kafin aure, sai dai akwai bambanci. Ita sikila sai an gaje ta daga ɓangare biyu take bayyana. Kaurin tsokar zuciya kuwa, a mafi yawan lokuta gado daga ɓangare ɗaya ya wadatar, kuma kowane ɗa na mai ɗauke da ita yana da rabin yiwuwar gadonta. Abin da binciken Aswan ya ƙara shi ne cewa wasu ƙwayoyin da ba su cika yin lahani su kaɗai ba, sukan zama cuta idan suka haɗu daga ɓangarorin biyu.

Saboda haka ne likitocin zuciya ke ba da shawarar cewa duk gidan da wani matashi ya rasu farat ɗaya ba tare da jinya ba, ko aka samu mai yawan suma ko ciwon ƙirji a lokacin motsa jiki, ya kamata iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwa na jini su je a ɗauki hoton zuciyarsu. Ana yin wannan gwaji a manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Gwajin ƙwayoyin gado kuwa ba zai yi cikakken amfani ga Bahaushe ba sai ranar da masanan Najeriya da Nijar suka tattara bayanan mutanensu, kamar yadda takwarorinsu na Masar suka fara.