Dalilin da ya sa masana ke auna ratsawar lantarki a cikin dutse ta fuska biyu

Dutse guda kan iya ba wa wutar lantarki hanya ta wata fuska, ya kuma tare ta ta wata. An fi ganin haka a duwatsun da suka samu daga laka da yashi da suka kwanta hawa-hawa tsawon miliyoyin shekaru. Lantarkin ba ƙwayoyin dutsen yake bi ba galibi. Ruwa mai gishiri da ke maƙale a ƙananan ƙofofinsa yake bi, da kuma yumɓu. Saboda haka tafiya tare da shimfiɗar dutsen ta fi masa sauƙi a kan keta ta.

A ɗakin gwaje-gwaje, masana kan yanko guntaye biyu daga dutsen da aka haƙo, ɗaya tare da shimfiɗa, ɗaya a gicciye. Ana zuƙe iskar da ke cikinsu, a jiƙa su da ruwan gishirin da aka san ƙarfinsa, sannan a matse kowanne tsakanin faranta biyu na ƙarfe, a saki lantarki mai kai-da-komo. Daga turjiyar da aka samu, da tsawon guntun da faɗinsa, ake fitar da adadi a ma'aunin om-mita. Wurin da ake yawan kuskure shi ne jiƙawar: guntun da bai sha ruwa sosai ba yakan nuna turjiyar da ba tasa ba.

Amfanin wannan awo ya fi fitowa fili a harkar mai. A yankin Neja Delta, yawancin ɗanyen mai na kwance ne a rukunin duwatsun Agbada, inda yashi da laka ke bin juna. A ɗauka yashi mai ɗauke da mai yana da om-mita 20, laka kuma om-mita 1, kaurinsu ɗaya. In aka auna tare da shimfiɗa, adadin bai kai 2 ba. In aka auna a gicciye, ya haura 10. Na'urorin da aka saba zurawa cikin rijiya miƙaƙƙiya adadin farko suka fi gani, shi kuwa kama yake da na ruwan gishiri. Ta haka ake iya wuce mai ba a sani ba.

Masu neman ruwan burtsatse a kan tsoffin duwatsun Arewa su ma abin ya shafe su, domin ruwan a cikin tsagogi yake taruwa, lantarki kuma ya fi gudu ta inda tsagogin suka miƙe.