Hannun da Aka Kama: Labarin Likitocin Ido Biyu

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa]

Hausawa kan ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya. To, a aikin tiyatar ido babu ɗan na gada. Kowa koya ya yi, kuma a hannun wani ya koya.

Ku dubi yadda abin yake. Likita na zaune, idonsa a cikin madubin da ke ƙara girman abu, yana cire yanar ido daga cikin wata 'yar jaka da ta fi ɓawon albasa sirantaka. In hannu ya yi rawa kaɗan, jakar ta yage, aiki ya ɓaci. Littafi ba ya koyar da nauyin hannu. Shi ya sa ɗalibi kan fara da idon akuya daga mahauta, sannan ya zauna gaban majinyaci, malaminsa na leƙe ta ɗaya bakin madubin, yana ce masa, "Sassauta. Tsaya nan. Ci gaba."

Shirinmu na yau zai kai mu ƙasar Nepal, can gindin tsaunukan Himalaya.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

An haifi Sanduk Ruit a 1954 a wani ƙauye mai suna Olangchung Gola, kusa da iyakar Tibet, inda sai an yi kwanaki ana tafiyar ƙasa kafin a kai makaranta. Tarin fuka ya kashe ƙanwarsa yana saurayi, kuma wannan rashi ne ya sa shi neman likitanci. Ya yi karatu a Indiya, a Lucknow da Delhi, ya dawo gida da takardun ƙwarewa a fannin ido.

A tsakiyar shekarun 1980 ya haɗu da Farfesa Fred Hollows, haifaffen New Zealand da ke aiki a Ostireliya, wanda ya yi suna wajen yaƙi da amosanin ido a tsakanin 'yan asalin ƙasar. Hollows ya ga hannun wannan matashi, ya gayyace shi Sidni. Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne masauki. Bai tura shi ɗakin kwanan ɗalibai ba. A gidansa ya ajiye shi, cikin iyalinsa, suna cin abinci tare, suna muhawara, da safe su nufi asibitin Prince of Wales. Duk wanda ya san zaman almajiri a zauren malami ya san cewa rabin karatun ba a kan allo ake yin sa ba.

A wancan zamani, talakan ƙasashe matalauta in an cire masa yana, tabarau ake ba shi mai kaurin gindin kwalba. Ya fashe ko ya ɓace, mutum ya koma duhu. Ƙwayar roba da ake dasawa cikin ido kuwa, manya a fannin na ganin ta fi ƙarfin talaka, domin kuɗinta ya haura dala 100. Hollows da Ruit suka ƙi yarda da wannan hukunci. Suka ce a ƙera ƙwayar a ƙasashen da ake bukatarta.

Hollows bai ga cikar burin ba. Ciwon daji ya yi ajalinsa a watan Fabrairun 1993, 'yan watanni bayan shi da matarsa Gabi da abokansu sun kafa gidauniya da sunansa. A 1994 Ruit ya buɗe cibiyar ido ta Tilganga a Katmandu. An kafa masana'antar ƙwayar ido a can, wata kuma a Asmara ta Iritiriya, farashi ya faɗo ƙasa da dala 10.

Ɗalibin bai tsaya inda malamin ya tsaya ba. Ruit ya gyara salon tiyatar, ya zamana ana yin ɗan ƙaramin yanka da ke haɗewa da kansa ba tare da ɗinki ba, a gama cikin 'yan mintuna, ko da a ajin makarantar ƙauye ne aka mayar ɗakin tiyata. Sai ga likita Ba'amurke, Geoffrey Tabin, wanda ya yi karatu a Harvard, ya zo ya zauna a gefensa yana koyo. A 1995 su biyun suka kafa shirin yaƙi da yanar ido na Himalaya, wanda daga baya ya kai aikinsa Habasha da Gana, yana horar da likitocin can.

Masu sauraro, wannan batu ya shafe mu. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce kan gaba wajen makantar da mutane, kuma har yanzu akwai masu zuwa wurin mai maganin gargajiya ya tura musu yanar cikin ido da tsinke. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, muna da asibitin ido na ECWA a Kano. Tambayata ga manyan likitocinmu ita ce: a jerin tiyatar gobe da safe, ido nawa za ku bar wa ƙaramin likita ya yi da hannunsa, kuna zaune a gefensa har ya gama?

[Kiɗan rufe shiri]